Ƙullin da Aling Choleng Ta Hana

Da zarar Satumba ta kama, rediyon maƙwabta ya fara waƙoƙin Kirsimeti kamar yadda aka saba a ƙasarmu, Aling Choleng ba ta ƙara zama wuri ɗaya. Tana dawowa daga coci za ta kurɓi kofi a tsaye, ta shimfiɗa takarda mai gida-gida a baranda, ta hau zana adon da matan unguwarmu za su ɗinka a ƙyalle. Ɗinkin gicciye ne, kowane gida da launin zarensa.

Kafin ita, zanen da ake sayowa daga Manila duk dusar ƙanƙara ce, abin da ba wanda ya taɓa gani a cikinmu. Mijin ƙawarta Nenita ya taɓa duban mutum-mutumin ƙanƙara da matarsa ta ɗinka, ya ce, "Wannan wainar shinkafar, wa ya sa mata hula?" Tun daga ranar nan Aling Choleng ta ajiye farin zare. Ta zana mana parol, fitilar tauraron da muke ratayewa a taga. Ta zana ɓauna kwance kusa da komin dabbobin da aka kwantar da jaririn Kirsimeti. 'Ya'yanmu da ke aikatau a ƙasashen waje, da waɗannan suke ƙawata ɗakunansu.

Ke ce uwar allura, Aling Choleng, amma kai, kin iya faɗa! Dokarki ɗaya: ba ƙulli. Duk wadda ta kawo aiki, bayan ƙyallen kike fara juyawa, ki kira ta da "Mare", wato ƙawa, yadda muke kiran juna. "Mare, ɗinki kika yi ko ɗaurin akuya? Warware!"

To, bana ciwon suga ya ci idonta. Ta ɗora tabarau kan tabarau, layukan takarda suka haɗe. Ta zauna, ta tashi, ta yayyaga, ta sake shimfiɗawa. Abinci ma ya fita ranta. "Disamba na tafe, Mare," take ce wa Nenita, "unguwa ba sabon zane. Me kuma ya rage mini?" Tausayinta ya kama mu ƙwarai.

Matan suka duƙufa kan wani ɗinki a ɓoye. Ran nan sai ga Nenita da ƙyalle, sauran na biye. Aling Choleng ta juya bayansa kamar kullum, ta shafa, sumul. Ta juyo gaba, sai ta zabura.

"Ƙulli! Ƙulli ko'ina! Nenita, don kin ga na makance?"

"Bi shi da yatsa dai, Mare, ki rage baki."

Yatsa ya bi ƙulli zuwa ƙulli, ya hau tsini, ya gangaro, ya sake hawa. Sai ta gane zane ne aka fitar da ƙullin.

"Parol ne," ta ce a hankali. Ta sake bi. "Tsinin hagu ya karkace."

"Ai shi ya kawo mu," in ji Nenita. "Mu za mu ƙulla, ke ki gyara."

Mun gode, Aling Choleng. Kin ba mu Kirsimeti mai kama da mu, Allah ya saka miki. Ku kuma masu sana'a a hannu, ku koyar da ita kamar yadda ta koyar, har waɗanda kuka koya wa su iya riƙe ku ranar da ido ya gaza.

Jiya na bi ta ƙofar gidanta. Tana baranda, mata sun kewaye ta, yatsanta a kan ƙulli, muryarta har bakin titi: "Warware!"