'Yar Gaban Goshin Hajiya

A shekarar kullen korona ina karatun tarihi a Kuala Lumpur, bincikena a kan 'yan gaban goshin sarakunan Turai ne na shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Irin mutumin nan da sarki zai ɗauko daga ƙasa, ya tufasar da shi, ya kwantar da shi a bakin gadonsa, kowa sai ta hannunsa zai ga sarki. Da ina karantawa haushinsu nake ji. Ƙato da kai, ka rasa ƙafar fita?

Da aka rufe ɗakunan kwanan ɗalibai, Hajiya ta ce in dawo gidanta a Bukit Jalil. Ita ce uwar matan Najeriya a garin, mijinta kuma kulle ya ritsa da shi a Kano. Wallahi ta riƙe ni. Kwano ɗaya muke ci, ta ba ni atamfofin da ko a mafarki ban taɓa ɗaurawa ba, ta kuma sa katifata a ɗakinta don ba ta son kwana ita kaɗai. In na shiga banɗaki na daɗe, sai ta ƙwanƙwasa.

Kuka da daddawa da garin tuwo duk a ɗakin ajiyarta suke, ita ke rabawa, wayarta kuma a hannuna take. Matan da suka haife ni suka koma gaishe ni da ladabi, a bayan ido kuma su ce na shanye Hajiya. Ban shanye kowa ba, ko kantin da ke ƙasan bene ban isa in sauka ba sai ta ce iskar waje za ta kashe mu.

Ina da aminiya a Taman Melati, tun sakandare muke tare, ba ta kirana sai da Kwaɗo saboda idanuwana. Cikin fari gare ta, watan haihuwa ya kama, ba uwa ba dangi, mijin kuma ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Ta roƙe ni in zo in zauna da ita.

Na faɗa wa Hajiya bayan azahar, ina matsa mata ƙafa. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

"Ki je mana, 'yata. Sai dai wanda ya fita ba ya dawo min da cuta gida. Ni kuma Allah yana nan."

Kafin la'asar ta kwanta, wai jininta ya hau, ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Na duba, in na fita ba ni da wurin komawa, Hajiya ma ba ta da kowa. Na ji tausayinta, na kuma tsane ta a lokaci ɗaya. Na zauna.

Aminiyata ta haihu ita kaɗai a asibiti. Na yi ta kira ba ta ɗauka, sai bayan suna ta kira da kanta. Na miƙe da murna, ina jiran zagin da na san zan sha.

Ta gaishe ni a tsanake, ta tambayi jikin Hajiya. Sannan ta yi ƙasa da murya.

"Anti, don Allah ki sa min baki wajen Hajiya, ko za ta aiko min da ɗan yajin jego."