Akun da surukina ya bari

Bayan sadakar arba'in ta surukina aka raba 'yan kayan kantinsa na kasuwar Gure. Yayan maigidana ya ɗauki sikeli, ƙanwarsu ta ɗauki rediyo, mu kuma aku ya faɗo mana. A lokacin ba a daɗe da fita daga shekarun fari ba, kowace mace tana auna hatsi da lura, sai ga maigida ya shigo da keji a ka, an lulluɓe da tsohon buhu.

Ni na ɗauka duk tsuntsu kamar tantabara yake: ki watsa gero, ki zuba ruwa a kasko, ki tafi harkarki. Ashe dattijo aka kawo mana. Tun maigida yana saurayi wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya zo da shi daga Kurmi ya ba Baba surukina, don haka ya girmi 'ya'yana duka, kuma ya zo da halinsa cikakke, ba ya neman gyara.

Ranar farko maigida ya zura yatsa zai sosa masa kai. Aku ya kafa masa baki sai da jini ya fito.

"Kai! Haka ake yi wa ɗan gida?" in ji maigida, yana yarfe hannu.

Aku ya karkata kai, ya dube shi da ido ɗaya, ya ce, "Kar ka taɓa!" Muryar Baba ce sak, har da 'yar kakkaryewar nan ta mai cin goro.

Washegari da hantsi ina tankaɗe, ɗankwalina ya zame ban kula ba, sai na ji gyaran murya daga bakin zaure, irin wanda Baba kan yi kafin ya shigo. Kafin hankalina ya dawo jikina na riga na ja zane na rufe kai, na durƙusa, ina cewa, "Sannu da zuwa, Baba." 'Yata ta tsakiya ta yi dariya har ta kifar da rariya.

"Inna, tsuntsu kike gaidawa?"

Na ce ta yi mini shiru. Amma gaskiya tun da aka kawo ni gidan nan ko ɓarin goro ban taɓa tauna ba a gaban surukina, kuma kunya ba ta san keji ba. Sai na koma ɗaukar kwanona ina shiga ɗaki in ci. Maigida ya fi kowa yi mini ba'a, sai da na kama shi bayan turken awaki yana zuƙar tabarsa a ɓoye, yana kore hayaƙin da hula.

Dariya dai muna yi, amma aku ba ya cin abinci. Na ba shi gero, ya ƙi. Na jiƙa dawa, ya tura da ƙafa. Dabino ma ko kallo. Ruwa kawai yake ɗan tsotsa. A kwana na huɗu na ga ya fara fizge gashin ƙirjinsa, ya takure a lungun keji, gyaran muryar ma ta koma can ƙasa. Maigida ya zauna ya yi tagumi.

"In ya mutu a hannunmu me zan ce wa 'yan uwa? Abu ɗaya mai rai da tsoho ya bari."

Ranar ce wata tsohuwa mai tallar nono daga wajen Alakos ta shigo. Shekara da shekaru a inuwar kantin Baba take sauke ƙwaryarta. Ta leƙa kejin, ta riƙe haɓa.

"Wayyo, mai kanti, haka ka koma? Ke 'yar nan, da wa yake ci?"

Na ce, "Inna, da wa kuma? Ga abinci nan gabansa."

"Shi ya sa! Wannan bai taɓa ci shi kaɗai ba. Marigayi zai ɓare gyaɗa, ya jefa ɗaya a baki yana kallonsa, sannan ya miƙa masa ɗaya. In bai ga bakinki yana motsi ba, ba zai karɓa ba."

Na ce to bari maigida ya dawo. Ta ce, "Wanda ya ciza? Ai ya gama da shi. Zauna ke."

Na ɗebo gyaɗa a faifai, na zauna gefen keji, na ba shi rabin baya, na ja mayafi na kare baki, na tauna ɗaya a hankali. Na miƙa masa ta gefe. Bai motsa ba.

"Amarya kike? Juyo ki dube shi!" in ji tsohuwa.

Na juyo. Ya kafa mini wannan ido. Na yi bisimilla, na jefa gyaɗa a baki, na tauna ƙaras-ƙaras kamar akuya ta samu ƙaiƙayi. Na sake wata. A ta biyar ya taso yana tangaɗi, ya kama wayar keji da baki, ya miƙo ƙafa ya karɓa. Ya jujjuya ta, ya fasa, ya ci. Tsohuwa ta rangaɗa guɗa, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko haihuwa aka yi.

Da maigida ya dawo daga kasuwa ya tarar da mu cikin tulin ɓawo. Ya tsaya daga nesa, ya rage murya.

"Ya ci?"

Na ce, "Ya ci. Amma sai na ci uku yake karɓar ɗaya, kuma ni cikina ya cika. A dafa tuwon yau babu ni."

Ya yi hamdala, ya juya ya fita sayo wata gyaɗar.