Masarar Belleville

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. A Damagaram haka ake yi: uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane. Na san al'ada ce, amma sanin bai taɓa rage mini zafi ba. Ƙanwata kuwa, autarmu, sunanta ba ya barin bakin Inna.

Shekarar da Inna ta zo Faransa ganin likitan ido, wata biyu ta yi a wurina a Lyon. Kullum na taso daga aiki sai in biya unguwar Guillotière in sayo kuka da daddawa da garin masara, in tuƙa mata tuwo. Ta cinye, ta wanke hannu, ta ce alhamdulillahi. Ni kuwa kalma ɗaya nake jira, ko da "ya yi daɗi" ne.

Da za ta koma gida na raka ta Paris, inda Auta take zaune. Aikin Auta shi ne zagayawa da baƙi a ƙafa cikin unguwar Belleville, tana kai su shagunan 'yan Meziko su ɗanɗana takos, wani abincinsu na masara. Ta ce dole mu bi ta ran Asabar. Na ce ai mu 'yan Lyon muna da namu irin takos ɗin, mun ƙoshi da shi.

"Haba Yaya," in ji ta, "naku ai matashin kai ne aka cusa wa dankali."

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga nan raina ya ɓaci.

Mu tara muka tashi, Auta a gaba tana zuba Faransanci da Sifaniyanci, baƙi suna ta gyaɗa kai. Ta riga ta bi shagunan ta tantance inda babu naman alade. A shago na farko aka miƙo mana ɗan fallen masara mai faɗin tafin hannu, da naman sa da albasa, aka matsa lemun tsami. Inna ta kai baki, ta kira sunan Auta da ƙarfi, ta sa mata albarka. A shago na biyu ma haka. Ƙirgawa nake yi. A na uku na ce gishiri ya yi yawa, na mayar da nawa, alhali yunwa nake ji.

Shago na ƙarshe wata tsohuwa ce ke tafa ƙullu da hannu tana ɗorawa a kasko. Auta ta yi bayani cewa a ruwan farar ƙasa suke jiƙa masarar kafin su niƙa. Inna ta matsa, ta gutsiri ƙullun ta shinshina, ta ce kamar an sa kanwa. Tsohuwar ta sa Auta ta tambaya ko ana cin masara a ƙasarmu.

Inna ta kafa wa bango ido, ta ce, "Gaya mata ta iya. Amma ki ce mata akwai wata a Lyon, in ta tuƙa masara ba a neman miya."

Auta ta duba agogo, ta ce, "Inna, on est en retard," wato mun makara, ta juya ga baƙinta. Ba ta fassara ba.

Na dubi fuskar Auta, sai na ga irin wadda na yini da ita. Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Amma daɗin bai kai mu bakin tashar jirgin metro ba. Shekara arba'in da ɗaya ina jiran wannan magana, da ta fito kuma, ga wata baƙuwa da ba ta jin Hausa aka yi ta, ina tsaye a gefe kamar 'yar rakiya. Auta ta riƙe hannun Inna za su sauka matakala, ni na ɗauko jakar Inna ina bin su a baya.