Shekarar da Tafarnuwa Ta Ci Hannuwan Inna

A Wurno, idan aka cire tafarnuwa daga fadama, warinta kan shiga gidanmu har cikin tufafi. Inna, mahaifiyata, tana cikin matan da ake kawo wa buhuna su gyara, su yanke saiwa, su ɓare ɓawon da ya lalace, su ware manya daga ƙanana. Tun ina yarinya take wannan aiki, ban taɓa jin ta yi kukan hannu ba.

A shekarar da abin ya faru ina aure a Rabah. Na zo ganin gida da rana tsaka, ana zafi mai tsanani, na tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki ta lulluɓe hannuwanta cikin hijabi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon ƙasa.

"Inna, mi as samu hannunki?"

"Ba komi, ɗiyata. Ƙaiƙayi na, ya kusa wucewa."

Na yi ta roƙo kafin ta fiddo su. Yatsun sun yi ja suna sheƙi, fatar ta tsattsage a kan kowace gaɓa, wani wuri yana saɓa, wani yana tsatsar ruwa. Ba ta iya dunƙule hannu.

Ta ba ni labarin yadda ya fara. Ɗan ƙaiƙayi ne a babban yatsa da na kusa da shi. Sai ta riƙa dirje hannun da garin sabulun wanki da ruwan zafi. Wata ta ce ta goga lemun tsami da kanwa, ta goga. Wata kuma ta ce ai tafarnuwar da kanta magani ce, ta daka ta ɗaura. Ta ɗaura, gari ya waye hannun ya yi bororo. Daga nan aka sayo mata wani mai a kemis, ya lafa na ɗan lokaci, da ta daina shafawa ya dawo har wuyan hannu.

Abin da ya fi ciwon tsorata ni shi ne shirun gidan. Baba ya rage magana. An ware wa Inna butarta. Maƙwabciyarmu da ta saba bar mata goyonta idan za ta unguwa yanzu daga zaure take gaisuwa. Mai kawo buhunan tafarnuwa ya riƙa wuce ƙofarmu da amalankensa kamar bai taɓa sanin gidan ba. Babu wanda ya faɗi sunan abin da suke zato, sai da Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo daga Kwargaba. Ta dubi hannun ta daɗe, sannan ta ja ni bayan rumbu.

"Haka na wata tsohuwa yaf fara garinmu," ta ce da ni cikin raɗa. "Ƙarshenta yatsun sunka gutsure. Kuturta ba ta sallama in za ta shigo."

Ban san Inna ta ji ba sai da na dawo na ga tana duban yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Washegari na matsa wa Baba muka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba ta ba ta ja da baya ba. Ta juya hannun gaba da baya, ta duba fuskar Inna da bayanta da ƙafafunta. Sannan ta murza 'yar auduga ta ce wa Inna ta rufe ido.

"Mama, duk inda kika ji na taɓa, ki faɗi."

Audugar ta sauka a kan ƙaramin yatsa.

"Na ji."

Ta koma tafin hannu, ta koma kan tsagar babban yatsa. Inna ta zabura.

"Wayyo, da zahi!"

"Alhamdu lillahi," in ji matar. "Wannan zafin shi nake son ji. Ba abin da kuke tsoro ba ne."

Ta yi mana bayani cewa fata tana da wani siririn rufi mai maiƙo da ke riƙe danshi a ciki, ya hana abin cutarwa shiga. Ruwan tafarnuwa ya fara cinye na Inna, sabulu da tsami da kanwa suka ƙarasa shi, yanzu ko ruwan randa ya taɓa wurin sai ya yi mata raɗaɗi. Ta ba da wani maganin shafawa na ɗan lokaci, ta ce sauran aikin haƙuri ne. Kada ta taɓa tafarnuwa ko albasa ko sabulun wanki. Ruwa mai ɗumi kaɗan, ba dirza, a dannanna da tsumma mai laushi, a shafa basilin marar ƙamshi ko man kaɗanya tsantsa tun hannun bai bushe ba. Ta ja kunnenmu cewa kada a ƙara komai a kai.

Na nemi izinin maigidana na zauna. Bayan kowace alwala nakan riƙe hannun Inna in shafe shi da mai, tana cije leɓe. Da farko kamar abin ƙaruwa yake, fatar na zuba kamar ɓawon gyaɗa. Gwaggo ta aiko da wani baƙin gari a ƙulle, wai daga wani mai magani. Wata safiya na shigo na tarar Inna ta kwance ƙullin, ta ajiye a gabanta tana kallo.

"In wagga mata ta asibiti ta yi kuskure hwa?" ta tambaye ni.

Ni ma tambayar tana raina. Ta ƙara duban ƙullin, sannan ta ce in ɗauke shi daga ɗakin.

A hankali tsagogin suka rufe. Sabuwar fata ta fito siririya, fara-fara, wannan farin kuma ya sake ta da raɗe-raɗi a unguwa. Muka koma asibiti, aka sake gwajin auduga, aka ce launin zai dawo. Sai bayan damina ya dawo, shi ma ba duka ba.

Lokacin na koma Rabah. Muka haɗu da Inna a Goronyo wajen sunan wata 'yar uwa. Aka ajiye mana shinkafa a faranti ɗaya da wasu mata, cikinsu har da wata daga unguwarmu. Inna ta wanke hannu, ta yi bisimilla ta sa. Matar nan ta janye nata a hankali, ta ce ta ƙoshi. Ta kusa da ita ta dubi hannun Inna, ita ma ta tashi neman ruwa, ba ta dawo ba. Inna ba ta ɗaga kai ba, muka ci tare da ita har muka ƙoshi.

Muka shiga mota, muna wuce gonakin shinkafa. Can sai ta tambaye ni ko akwai mai a jakata. Da ta miƙo hannun na ga gaɓar yatsa ɗaya ta yi ja, sabulun gidan suna ya taɓa ta. Na shafa mata, ta riƙe yatsan da ɗayan hannun har muka iso Wurno.