Kafinta da Ƙofofin Tsohon Gari

Maƙwabcina kafinta ne, ban kuma san shi da wata sana'a ba. Tun muna da baƙin gashi shagonsa ke jingine da katangar gidana. Mutum ne marar yawan magana. In ya zo gidanka, kafin ya gaishe ka sai ya shafa ƙyauren ƙofarka, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa. Ko kwatance ma da ƙofa yake yi. Ba zai ce ka bi titi kaza ba, sai ya ce, "In ka ga ƙofar da ruwa ya ci gindinta, ka yi dama."

Babban ɗansa malamin makaranta ne, Malam muke ce masa, yana da yara biyu. Babbar mace ce, ba ta daɗe da fara zuwa makaranta ba. Sunan mahaifiyar Kafinta aka sa mata, shi ya sa yake kiranta Inna. Ƙanenta kuwa kowa Gajere yake ce masa. Da yamma Inna takan zo shago ta zauna tana gina gidaje da guntayen katako. Ba ya yi mata hira. Yakan dai ɗago ya dube ta jefi-jefi, ya koma kan aikinsa.

Ana haka kakanta na wajen uwa ya ajiye tuƙin babbar mota, ya dawo unguwarmu da zama. Direba mutum ne mai faɗin ƙirji da faɗin murya. Babu motar da bai iya kukanta da baki ba, aljihunsa kuma ba ya rabo da alewa. Yaran suka sa masa Kaka Mai Mota. Kafinta kuwa Kaka ne kawai. Zuwan Inna shago ya fara ja baya. Na dai lura Kafinta ya fara buga ƙusa da ƙarfin da katakon bai nema ba.

Shi ya kawo maganar tafiya tsohon garin malamai, inda ake zuwa ganin daɗaɗɗen masallaci da kaburburan magabata. Yana saurayi ya yi aiki a can tare da maigidansa, suna gyaran ƙofofi. A wani lungu bayan masallacin akwai wata 'yar makaranta, ƙyaurenta shi ne na farko da ya kafa da hannunsa.

Ya ce mini, "Ina so Inna ta gan shi. Ni zan nuna mata."

Da maganar ta kai ga surukarsa, uwar yaran, sai ta ce, "Ai Abbana ya san hanyar, shi zai tuƙa mu."

Kafinta ya ce, "To, madalla." Ranar ya yanka wani katako ya gaza tsayi, abin da ban taɓa gani ya yi ba.

Ni ma aka ce in zo, tunda akwai wuri a motar. Muna tashi yaran suka maƙale a bayan kujerar Direba.

Kafinta ya ce, "Inna, dawo nan kusa da ni, akwai iska ta taga."

"Kaka, a nan ake jin kukan tirela."

Direba ya leƙo shi ta madubi. "Suruki, ƙyale ta. Kai dai ka tanadi labarin katako, in barci ya ƙi ɗaukarsu sai ka ba su."

Kowa ya yi dariya. Kafinta ma ya yi, da haƙora.

Garin tsoho ne da gaske. Tituna sirara, katangu masu kauri, masu sayar da carbi da turare a jere har bakin masallaci. Muka ziyarci kaburbura, muka yi wa magabata addu'a. Gajere ya tambaya da ƙarfi ko malaman suna jin mu, uwarsa ta toshe masa baki. A gaban babbar ƙofar masallaci Kafinta ya kamo hannun Inna, ya fara nuna mata yadda aka haɗa katakon ba tare da ƙusa ba. Muryarsa har ta ɗan canza. Bai kai rabi ba, Direba ya sayi hatsi ya zuba a kan hularsa, tattabarun harabar suka sauko masa a ka. Inna ta zare hannu ta ruga. Kafinta ya ƙarasa bayaninsa, ni ya yi wa.

Bayan azahar kowa ya watse. Gajere ya jiƙa rigarsa a wurin alwala, uwarsa ta tafi sauya masa. Malam ya tafi neman ruwan sha. Direba kuma aka ce motarsa ta tare hanya, ya tafi matsar da ita. Ina zaune a dakali ina fama da takalmina, na ji Kafinta yana cewa ƙasa-ƙasa, "Inna, zo in nuna miki wani abu, ni da ke kaɗai." Ya waiwayo ya ce mini, "Nan bayan masallaci ne, yanzu za mu dawo."

Abin da ya biyo baya daga bakin Inna na ji shi, shi kam har yau bai ba da labarin ba. A cikin kansa hanyar a shimfiɗe take: ƙofa mai manyan ƙusoshi, ka yi hagu, sai ƙofa mai ƙyaure biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsayi, ka miƙe. Amma mutanen garin sun daɗe da cire ƙyauren katako. Duk na ƙarfe ne yanzu, fentinsu kusan iri ɗaya. Inna ta ce yakan tsaya ya ɗora tafin hannu a kan ƙofa, ya janye da sauri saboda zafin rana, su ƙara gaba. Wata mata ta leƙo ta ce, "Baba, ina kuke nema?" Ya ce, "Na san hanya, 'yata."

Da ƙafarta ta gaji sai ya goya ta, da bayan nan nasa da ko ruku'u ba ya barinsa ya yi yadda ya kamata. Suka shiga lungu suka fita lungu. Daga baya suka zauna a ƙofar wani gida, ya saya mata ruwan sanyi, tana yi wa wata kyanwa magana. Wayarsa tana ta kuka a aljihu. Yakan ciro ya ga sunan mai kira, ya mayar.

Sai Inna ta ce, "Kaka, da Kaka Mai Mota ne, da tuni ya gane hanya."

Da wayar ta sake kuka, ya ɗauka.

A wajenmu kuwa uwar yaran ta riga ta fara hawaye, Malam ya zagaya bayan masallaci har ya gaji. Ina jin Direba yana cewa a waya, "Suruki, don Allah bar zancen ƙofa. Ɗaga kanka, me kake gani a sama? Tankin ruwa? Wane launi?" Ya tafi da sassarfa. Ba a jima ba sai ga shi da Inna a wuya tana riƙe da kunnuwansa. Kafinta na biye a baya, hannu a ƙugu.

Uwar ta karɓi 'yarta ta ƙanƙame. Ta dubi surukinta ta ce, "Baba, haba Baba..." Kunya ta hana ta ƙarasawa. Malam ya gyara murya ya ce, "Baba, gaskiya daga yau, in za a fita da yaran nan..."

Direba ya tare shi. "Dakata. Laifina ne. Ni na ce ya ɗan zagaya da ita kafin in matsar da mota, na manta ban gaya muku ba."

Nan take 'yarsa ta juya kansa. "Abba, kai kullum haka kake!" Ya tsaya yana shan faɗa, yana sosa ƙeya, yana ba da haƙuri. Maganar da Malam ya ɗauko ta bi ruwa.

Na zaci Kafinta zai yi masa godiya, ko da ido ne. Bai yi ba. Muna tafiya wurin mota ya matso kusa da ni ya ce, "Ka gani ko? Laifin ma sai da ya karɓe."

Ba a sake maganar 'yar makarantar ba. Muka kama hanya rana ta yi sanyi. Gajere ya yi barci, uwarsa ta juya fuska tana fushi da mahaifinta, Direba kuma bai yi kukan ko keke ba. Can sai Inna ta tsallako ƙafafuna, ta haye cinyar Kafinta, ta kama gemunsa.

"Kaka, yaushe za mu sake ɓata?"

Na ga fuskarsa ta saki, kamar an kwance wani abu a cikinta. Ya ce, "Duk ranar da kike so, Inna."

"To mu gaya wa Kaka Mai Mota tun da wuri, don ya zo ya ɗauke mu."

Direba ya fashe da dariya har ya danna ham. Kafinta ya gyara mata zama a cinyarsa, ya dubi ƙeyar surukinsa na ɗan lokaci.

Ya ce, "Ba za mu gaya masa ba. Wayar ma a gida zan bar ta."

Malam ya waiwayo ya ce, "Baba!"