Zafin Daura da Ban Shigar a Kwamfuta Ba

Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya daɗe yana aikin jinya kafin ya yi ritaya ya gina ƙaramin asibitin haihuwa a kan hanyar Zango. Da gini ya kai rufi sai ya kira ni, tunda ni ne injiniyan gida, ya ce in zaɓa masa abin sanyaya ɗakuna wanda solarsa za ta iya ɗauka.

Na ba shi shawarar irin wanda ake yayi yanzu: inji guda a waje, bututai suna kai gas ɗin sanyi ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki yana ja gwargwadon buƙatarsa. Kafin a saya, akan gina ginin a cikin manhaja, bango da taga da kwano da yawan mutane, sai ta lissafa girman injin da zai isa. Amma sai an ba ta bayanin yanayin garin na shekara guda, sa'a bayan sa'a. Na duba ban sami na Daura ba. Akwai na Kaduna a kwamfutata tun wani aiki, sai na sa shi, da niyyar in canza daga baya. Tsawon bututu ma ban auna ba, na bar wanda manhajar ta zo da shi. Sakamako ya fito da kyau, injin da ya nuna bai da tsada, Kawu ya yi ta sa mini albarka. Ban koma na canza komai ba.

Wanda zai haɗa kayan wani mutumin kudu ne, Kirista, mai shago kusa da tasha. A Daura ya yi furfura, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya karanta takardata, ya taka daga inda za a kafa injin har ɗakin ƙarshe yana ƙirga sawu.

Ya ce, "Injiniya, injin nan ya yi kaɗan. Ɗakin can ya yi nisa, kuma bangonsa yamma yake kallo."

Na ce, "Ba da ka na yi ba, Oga. Kwamfuta ce ta lissafa."

"To, ita kwamfutar ta taɓa yin bazara a garin nan?"

Kawu ya yi dariya, ya ce a bi abin da ɗansa ya rubuta.

Har ƙarshen sanyi lafiya lau. Da bazara ta kama, daga azahar sai injin ya fara nishi, ɗakin ƙarshe ya koma kamar tanda, kuma nan ne masu jego suke hutawa. Ranar da na je, na tarar an fito da wata mata 'yar wajen Kongolam baranda, jaririnta na kwana biyu duk ƙuraje sun feso masa, uwarta tana yi musu fifita da faifai.

Kawu ya sa aka kira mai haɗin. A gaban ma'aikata ya ce masa ko dai gas na yoyo, ko kuma jabun kaya ya kawo. Mutumin ya ɗauko tsani. Kwana uku yana bin mahaɗar bututai da ruwan sabulu, a cikin silin, a wannan zafin. Bai sami komai ba. Ina tsaye ya sauko daga tsani, riga ta manne masa, ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai.

Da na koma gida na nemo bayanin yanayi mafi kusa da namu, na sa tsawon bututu na gaskiya, na sake lissafin. Abin da mai haɗin ya faɗa tun farko, shi manhajar ta maimaita. Na rufe kwamfutar na tafi masallaci. Sati biyu ban ce wa kowa komai ba. A cikin sati biyun nan magana ta zaga, har wani mai gini a Dutsi da ya yi masa alkawarin aiki ya ba wani.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko, na faɗa wa Kawu a zaurensa. 

Ya ce, "Ba ni za ka faɗa wa ba. Ɗauko mukullin mota."

Muka sami mai haɗin a shagonsa yana gyaran fanka. Na yi bayani tun daga Kaduna har bututu, Kawu kuma ya ba shi haƙuri da bakinsa. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Na sani tun ranar farko a silin. Na ga ɗan gida ne kai, in na faɗa wa zai yarda?" Sannan ya tambayi lafiyar jaririn.

Shi ya kafa wa ɗakin ƙarshe ƙaramin inji nasa daban. Na je Dutsi da kaina na wanke shi a wurin mai ginin, amma an riga an gama aikin. Har yau in na wuce ta tasha yakan ɗaga mini hannu, ya ce Injiniya. Sau da yawa ta bayan kasuwa nake bi.