Kukan Keken Babanmu

Da idanun Inna suka dushe, ba ta nemi magani ba, ba ta nemi nama ba. Abu guda ta roƙe ni: tana so ta sake jin keken babanmu ya shigo gida kafin Allah ya kira ta. Babanmu manomi ne a Kona, ran Lahadi kuma yakan hau baƙin kekensa ya zaga ƙananan majami'u yana wa'azi. Ni kuwa malamin makarantar lekol ne a Tasawa da ya ajiye aiki, ga lokaci ga taurin kai, sai na ce mata an gama.

Da na shiga ɗakin ajiya, gangar jikin kawai na tarar. Ashe bayan rasuwarsa dangi sun yi ta ara, aro irin namu wanda ba ya dawowa. Ƙafar gaba tana bakin rijiya ana jan guga da ita. Ƙararrawar tana ɗaure a amalanken kawuna. Da na je karɓa ya harare ni ya ce, "Jakin nan ya saba da ita, in ka cire ba shi tahiya." Sai da na kawo masa sabuwa, aka kaɗa wa jakin ya amince, sannan aka ba ni.

Sirdin kuwa wani Buzu abokin babanmu ne ya tafi da shi Gidan Amumune. Na hau kabu-kabu na bi sawu, na same shi ya kafe sirdin a kan kututture yana zama a kai yana dafa shayi. Ya shayar da ni har cikina ya ɗauki zafi, ya ba ni labarin ranar da babanmu ya faɗa cikin ƙaya da Littafi a hannu bai sake shi ba. Muka yi dariya har da hawaye, ya ɗaga ya miƙo mini sirdin.

Mai gyaran keke a Tasawa ya sha fama da ni. Duk abin da ya ɗauko sabo sai in ce a'a, na asali nake so. Ya kankare tsatsa, ya wanke kaca da kananzir, ya zuba man inji a kowace gaɓa. Keke ya fito yana sheƙi, yana tafiya sumul ba ko motsi. Na yi alfahari ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Na hau na shiga gida, na zaga tsakar gida, na tsaya a gaban tabarmar Inna ina jiran yabo.

Ta ce, "Yaushe za ka kawo shi?"

Na ce, "Inna, ga shi gabanki."

Ta laluba sirdin, ta girgiza kai. "Mi ka yi mishi? Na ubanka kuka shikai. Tun daga bakin gari nike jin shi."

Nan ta gaya mini abin da ban sani ba. Babanmu bai taɓa sayen man inji ba. Man gyaɗarta yake sata a ludayi ya shafa wa kaca, yashi ya manne, keke ya yi ta ƙiii-ƙiii duk hanya. Haushi ya kama ni, amma na koma wurin mai gyara na ce ya wanke mansa tas. Ya dube ni kamar na zautu. Na shafa man gyaɗa, na yi ta turza keken cikin rairayi, tururuwa na bin mu, har ya fara kuka.

Da la'asar na doso gida, ƙiii-ƙiii, ƙiii-ƙiii. Ban kai zaure ba na ji muryar Inna da ƙarfin da na daɗe ban ji ba, tana ce wa matata, "Ke, maza kawo ruwa, maigida ya iso!"

Na tsaya a zaure riƙe da keken, na kasa shiga.